Jar Tukunyar Ibolya da Wutar Zango

Uwargida Sarolta mai daraja,

Ina sumbatar hannunki, kamar yadda aka koya mana gaishe da mata tun muna 'yan makaranta. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin bakwai ga watan Agusta ta matso, ni kuwa na rasa yadda zan yi. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna yana rawa yanzu. Da can a gidan waya na Kaposvár, inda na yi aiki har na yi ritaya, ni ake kawo wa duk takardar da ake so ta fita da kyau. Sunana ki sakaya shi. Sauran sunayen ki bar su yadda suke, mutanen da zan ambata ba sa karanta jarida a lokacin hutu. Maƙwabcina Vilmos ma kifi kawai yake naɗewa da ita.

Na haura shekara tamanin. Matata Ibolya ta rasu a tsakiyar sanyin da ya wuce, Allah ya jiƙanta. Tun 'yarmu Emese tana rarrafe muke zuwa wannan zangon masu hutu na bakin Tafkin Balaton duk bazara, da ɗakinmu na tafi-da-gidanka wanda mota ke ja. Ibolya ce ta raɗa masa suna Dodon-koɗi. Na daina tuƙi tuntuni, shi ma ya daina yawo, a zangon yake shekara, a layi na uku, ƙarƙashin bishiyar da muka tarar iyakarta ƙuguna, yau ga shi ta rufe rufin gaba ɗaya.

Bana Emese ba ta so in zo ba. Ba zan ɓoye miki dalili ba. Bayan rasuwar uwarta ta zo duba ni a gida, ta tarar na buɗe gas ban kunna ba, ina zaune a kicin ina karatu. Hancina ya daina jin wari, ban san komai ba. Ta buɗe tagogi, ta fitar da ni tsakar gida, ta zauna a kan matakala ta yi ta kuka. Da na nace sai na zo tafki, ta yarda, amma ta cire tukunyar gas ɗin Dodon-koɗi da hannunta ta sa a motarta. Ta sayo min risho na lantarki mai kai biyu, babba da ƙarami, da butar lantarki. Ta ce, "Baba, ba gas, ba ashana, ba wutar itace. Na ba Barnabás lambata. Ranar da ya kira ni, zan zo in ɗauke ka, mu sayar da Dodon-koɗi, ka koma Sopron wurina." Barnabás shi ne mai kula da zangon. Gidan Emese yana hawa na biyar, tagar ɗakin da ta tanadar min tana kallon wurin ajiye motoci. Yarinyar kirki ce, ba ƙararta nake kawowa ba.

To ga inda matsalar take. A al'adarmu kowane suna yana da ranarsa ta biki, bakwai ga Agusta kuwa ita ce ranar da kalanda ta ware wa sunan Ibolya. Duk shekara a wannan rana takan dafa wa mutanen layinmu miyar lecsó a babbar jar tukunyarta mai ɗige-ɗigen fari. Na san kowace mace a ƙasar nan tana cewa nata ya fi na kowa, albasa ce dai da tattasai da tumatir, amma na Ibolya har daga layi na biyar ake biyo ƙamshinsa. Tun da hantsi Gizella, matar Vilmos, takan zo da wuƙarta ta zauna a rumfarmu tana yanka albasa, tana hawaye tana zagin albasar. Wasu 'yan'uwa biyu mata daga garin Pécs su ke cire 'ya'yan tattasai, suna musu a kan ko a sa ƙwai ko kada a sa, musun da ba su taɓa gamawa ba. Vilmos yakan kawo kyafaffen nama daga ƙauyensu, ya tsaya a kan tukunya yana ba da umarnin da ba mai ji. Ni aikina jera benci da yanka burodi. Haka Ibolya take dafa shi, ita kaɗai, shekara da shekaru, ba ta taɓa fashi ba ko a shekarar da aka yi mata aiki a gwiwa.

Bana ina so ni in dafa. Ban gaya wa kowa ba, so nake kawai su ji ƙamshi su fito. Mutanen nan sun yi doguwar tafiya cikin ƙanƙara suka zo jana'izarta, na tsaya a bakin kabari na kasa ce musu ko sannu da zuwa. Tun da na iso kuma kullum sai wata ta aiko min da kwano a rufe. Ina godiya, Allah ya sani. Amma Uwargida, mutum yakan gaji da zama wanda ake kawo wa kwano. Ina so ko sau ɗaya ne kafin in bi ta, su zauna a rumfata in zuba musu.

Sai na fara gwaji a ɓoye. A jikin sandar da ake jona mana wuta an rubuta amfiya shida. Ban san ma'anarsa ba. A zamaninmu Rashanci aka koya mana da haddar waƙoƙi da kyautata rubutu. Ranar farko shayi kawai na so in sha, na kunna butar, ko tafasa ba ta yi ba na ji ƙas, firji ya yi shiru. Maɓallin da ke faɗuwa yana cikin wani akwati a kulle, makullin yana hannun Barnabás, sai an je har bakin ƙofar zango an kira shi. Ya zo a kan kekensa yana dariya, ya ce, "Kawu, walda kake yi a ciki?" Ya tayar da maɓallin, ya ce in ajiye butar nan, ta fi ƙarfin zangonsa. Na ajiye ta a ƙarƙashin gado, ina dafa ruwan shayi a ƙaramar tukunya, ba a sake samun matsala ba.

Da na ga haka sai na fito da jar tukunyar. Na wanke tattasai da tumatir a famfon ciki, da ruwan ɗumi, don ruwan sanyi yana sa gaɓoɓin yatsuna ciwo. Na ɗora tukunya a babban kan risho, na zuba mai da albasa. Daidai lokacin da albasar ta fara laushi, sai ƙas. Barnabás ya zo ya leƙa ta taga, ya ce, "Kawu, idan gidan abinci za ka buɗe, ka faɗa min in zama na farko a layi." Na ce masa ɗan abin rana nake haɗawa. Ya kalli girman tukunyar, ya je ya tayar da maɓallin.

Na bar kwana biyu na sake gwadawa. Wannan karon na yi dabara, na kashe fanka, na kashe rediyo, na rage maɓallin rishon zuwa rabi. Na sake wanke kayan miya, na ɗora. A daidai wurin nan dai, albasa na fara ƙamshin da ni ba na ji, wuta ta ɗauke. Barnabás ya tafi gari a ranar, sai la'asar ya dawo, man shanun da ke firji duk ya narke. Bai yi wasa ba wannan karon. Ya cire hularsa ya zauna a kan matakalar ɗakina, ya ce, "Kawu, na yi wa Emese alkawari, kuma sau uku ke nan ina yin kamar ban gani ba. Idan aka sake, zan kira ta. Kada ka sa ni a tsakiya, don Allah." Na ji kunya ƙwarai, yaron da na sani tun yana sayar da masara a bakin ruwa.

Mako guda ke nan ina cin albasa rabin dahuwa da burodi, don ba zan iya zubar da ita ba. Gizella ta tsaya a bakin rumfa jiya ta ce, "Wai me kake ƙonawa ne kullum? Idan yunwa kake ji ka yi magana, ba mu mutu ba." Na ce mata ina gwada rishon ne.

Vilmos kuwa ya zo da yamma da shawara biyu. Mai hatimi yake kirana, saboda aikina na da. Ya ce, "Mai hatimi, kana wahalar da kanka a banza. Ina da ƙaramar tukunyar gas a bayan mota, ka tura ta ƙarƙashin kujera, wa zai sani? In kuma tsoron 'yarka kake ji, ina da doguwar wayar wuta, mu jawo maka daga soket ɗin ɗakin wanki, mu bi da ita ta cikin ciyawa." Na ce zan yi tunani. Gaskiya ina ta tunanin. Rana ɗaya ce tak, kuma zan bar ƙofa a buɗe.

Akwai wani abu kuma, ban san ko ya shafi maganar ba, amma tun da na fara bari in ƙarasa. Duk abin da ke cikin Dodon-koɗi Ibolya ce ta san shi, ni nawa tayoyi da rumfa da kujeru. A ƙasan doguwar kujera, ta gefen da take zama, akwai wani maɓalli mai ɗan jan haske. Ranar da muka iso bana, da Barnabás ya cika tankin ruwa ya jona mana wuta, sai na ga hasken nan ya kama da kansa. Ashe a kunne ta bar shi bara da za mu tafi. Yatsanta ne na ƙarshe da ya taɓa shi. Ban san aikinsa ba, ban kuma tambayi kowa ba, don kada a ce in kashe. Na wanke kofunanta, na ba da rigunanta, matashinta ma Emese ta canza masa riga. Wannan ne kaɗai abin da ya rage yadda ta bar shi. Idan rana ta faɗi nakan zauna kusa da shi in ba shi labarin yinin, wanda ya iso, wanda ya kama kifi, yadda ruwa ya ja baya bana. Na san ba hankali ba ne. Don haka duk kashe-kashen da na yi, ban da wannan.

Ki gaya min, Uwargida. In karɓi gas ɗin Vilmos na rana ɗaya? In yarda da wayar? Ko akwai yadda ake lallaɓa amfiya shida har ta dafa tukunyar mutum ashirin? Idan na sake kuskure sau ɗaya, na rasa Dodon-koɗi da bishiyar da tafkin. Idan kuma ranar ta zo ta wuce layinmu shiru, ban san me na zo yi a nan ba.

Naki cikin girmamawa,
Mai Dodon-koɗi

*

Kawu Mai Dodon-koɗi,

Rubutunka bai lalace ba, na karanta shi tsaf, har sau biyu. Allah ya jiƙan Ibolya, ya ba ka haƙurin rashinta.

Bari mu fara sallamar Vilmos. Gas, a'a. Hancin da bai ji shi a kicin ɗin gida ba, ba zai ji shi a ɗakin da bai kai rabin kicin ba, kuma maƙwabtanka suna kwana taku kaɗan daga gare ka. Wayar da za a bi da ita ta cikin ciyawa, inda raɓa take sauka yara kuma suke gudu ba takalmi, ita ma a'a. Ka gode masa, nufinsa alheri ne, akwai aikin da za mu ba shi nan gaba.

Na yi shekaru ina hutu a irin ɗakinka, don haka ga lissafin a sauƙaƙe. Amfiya shida tana ba ka wat dubu ɗaya da ɗari uku da 'yan kai, kuma duk abin da ke kunne a ɗakin daga nan yake ci. Ka juya kowane kaya, za ka ga lamba kusa da harafin W. Irin butarka takan ci wajen dubu biyu, shi ya sa ta kayar da maɓalli ita kaɗai. Babban kan risho yakan ci dubu da ɗari biyar, ya riga ya wuce rabonka ko da kaɗan. Ƙaramin yakan tsaya wajen dubu, firji kuma ɗari ko sama da haka kaɗan. Rage maɓallin risho bai cika taimakawa ba, domin yawancinsu cikakkiyar wuta suke ja, su huta, su sake ja. Ƙaramin kai da firji za su zauna lafiya tare. Ka kuma roƙi Barnabás ya duba wayar da ta taho daga sanda, idan sauranta a naɗe take a warware ta duka, don naɗaɗɗiya zafi take ɗauka. Ka tambaye shi ko akwai sanda mai ƙarin ƙarfi da zai iya ara maka na yini ɗaya.

Yanzu jan hasken. Ban ga ɗakinka ba, Barnabás zai tabbatar maka, amma ina kyautata zaton maɓallin hita ne, na'urar da ke ɗumama maka ruwan famfo. Ka ce da ruwan ɗumi kake wanke kayan miya kafin ka ɗora tukunya. Da ka ɗebi ruwan, sai sanyi ya shiga tanki, hita ta tashi aiki a ɓoye, ta ci wat ɗari uku ko fiye, daidai lokacin da risho yake ja. Shi ya sa kullum a kan albasa wutar take ɗaukewa.

Na san abin da nake roƙonka ba ƙarami ba ne, kuma ban ga rashin hankali a hirar da kake yi da shi ba. Amma ka yi tunani. Matar da ta riƙe ɗakin nan shekaru masu yawa a kan amfiya shida ba tare da an riƙa kiran mai makulli ba, ta kunna maɓallin nan ta kashe shi sau ba adadi. Kashewar ma aikin yatsanta ne. Idan ka kashe shi da safe ka kunna da yamma, abin da take yi kake ci gaba da yi.

Sai babbar maganar. Ka rubuta min cewa Ibolya ita kaɗai take dafawa. Ka koma ka karanta abin da ka rubuta kafin wannan layin. Gizella tana yanka albasa, matan Pécs suna gyara tattasai, Vilmos ya kawo nama, kai kana yanka burodi. Mutum shida na ƙirga. Abin da mace mai ƙarfi ba ta taɓa yi ita kaɗai ba, kai kake so ka yi da hannu mai rawa, a ɓoye. Kuma ina ganin Gizella ta san kwanan wata kamar yadda ka sani. Mai yiwuwa wuƙarta tana nan a wase, tana tsoron ta fama maka ciwo ne idan ta fara magana.

Kowane ɗaki a layinku yana da nasa amfiya shida. Ka raba aikin. Gizella ta soya albasa a nata rishon, matan Pécs su dafa tattasai a nasu, kai ka dafa tumatir a ƙaramin kai, hita a kashe. A juye duka a jar tukunya a rumfarka, a bar ta a ƙaramin kan tana ɗan tafasa har su haɗu. Ɗaga tukunya aikin Vilmos ne da Barnabás, kada ka taɓa ta da zafi. Ludayi kuwa naka ne. Kai ka gayyata, a rumfarka za a zauna, kai za ka zuba wa kowa. Burinka na ka ciyar da waɗanda suka ciyar da kai buri ne mai kyau, kuma wannan hanyar ba ta rage masa komai ba.

Ka gaya wa Barnabás gaskiya yau. Yana ƙaunarka, yana kuma riƙe da alkawari, ka sauke masa nauyin.

Emese kuma kada ka jira a kira ta, kai ka kira ta. Tana da gaskiya a tsoronta. Ta binne uwa, ba a jima ba ta buɗe ƙofa ta ji warin gas, ubanta yana zaune a ciki. Kai ma kana da gaskiya, domin tsaron lafiya kaɗai ba ya isar mutum, yana bukatar bishiyarsa da mutanensa. Ka faɗa mata wuta ta ɗauke sau uku, ka faɗa mata dalili da abin da ka koya, da cewa an yi maka tayin gas ka ƙi. Uban da ya faɗi wannan da bakinsa ya fi sauƙin amincewa a kan wanda aka kawo rahotonsa. Ba zan yi maka alkawarin abin da za ta yanke ba. Amma ka gayyace ta ranar bakwai ga wata. A wannan tukunyar ta girma, kuma ita ma ba ta da inda za ta kai wannan ranar.

Ka nuna mata jan hasken, ka gaya mata wanda ya bar shi a kunne. Idan safiyar ta zo yatsanka ya ƙi, ka bar ta ta danna. Da yamma, bayan an watse, za ku bukaci ruwan ɗumi na wanke jar tukunya. Sai kai ka kunna shi, ka zauna ka ba shi labarin wanda ya zo, da wanda ya nemi ƙari, da yadda aka ƙare a kan maganar ƙwai.

Allah ya kai mu ranar lafiya, ya sa ƙamshin ya kai layi na biyar, ya kuma maimaita maka bazara a ƙarƙashin bishiyarka.

Taka,
Sarolta